Amyar Saliha

"Amya? A kan amya kika zubar da kuɗin tallafin?" Bakoji ya daka wa matarsa tsawa.

Saliha kuwa, da yake ba kanwar lasa ba ce, ko gezau. A wayarta kuɗin suka shigo, da sunanta. Ta auno masarar da za ta kai su kaka, da sauran ta sayi amyar zuma shida ta ɗaure a bishiyar ɗorawa.

"Maraƙi na ce a saya!"

"Maigida, ina shanunmu na bara? Ba ɓarayin daji sun kora su dajin Kamuku ba? To, su zo su kora ƙudan zuma mu gani!"

Wata maƙwabciya ta tuntsire da dariya ta bayan katanga. Bakoji ya figi hularsa ya fice, ya banko ƙyaure, garam!