Kabarin Saje Mwakibete

A duk garin Tukuyu mutum ɗaya ne ke kiran Likita Gwakisa "Mahauci" ya kwana lafiya, shi ne Ambindwile. Tare suka yi soja, tare suka sha wuya a yaƙin Uganda, inda ɓarɓashin bam ya tafi da idon Ambindwile na hagu. Gwakisa ya dawo ya karanci aikin ido, ya buɗe ɗan asibitinsa a bayan kasuwa. Ambindwile kuwa ya koma gonar ayaba da ido ɗaya, yanzu shi ma yanar ido ta rufe shi, har ba ya bambance matarsa da kututture.

"Mahauci, shi kaɗai ya rage min," in ji shi ranar aiki. "In ka ɓata shi, gidanka zan tare, ka riƙa ja min sanda."

Aiki ya yi kyau. Da aka kwance bandeji sai ya ƙura wa abokinsa ido, ya ce, "Kai! Ashe haka ka tsufa?" Gwakisa ya yi dariya har da ƙwalla, sannan ya ɗaure fuska ya ja masa kunne: ɗinkin ɗanye ne, ba sunkuyo, ba ɗaukar nauyi, ko fartanya kada ya taɓa sai ya warke.

Ana haka Saje Mwakibete, sajensu na soja, ya rasu. Tun a fagen daga 'yan rukuninsu suka yi alkawari cewa farar hula ba zai haƙa kabarin ɗayansu ba, don sun ga yadda ake tura 'yan'uwansu cikin rami kamar shara. Mutuwa ta yi ta yi musu ɗauki ɗai-ɗai, yau ga shi saura su biyu. Shekara da shekaru kuma Gwakisa bai riƙe diga ba. Hannun likita ne, in ji shi, kanta ɗaya a yatsa sai ta jawo wa wani makanta. Ambindwile ne ke haƙa masa rabonsa, yana haƙa yana zaginsa.

Ran jana'iza asibiti ya cika maƙil. Gwakisa ya aika cewa samari su haƙa, zai zo in ya sallami mutane. Ai ya san halin mutuminsa. Sani ya sani sarai, ya dai ga dama ya manta.

Da ya isa bayan gidan mamacin, mata na ta kuka, samari sun yi cirko-cirko a bakin rami. Ambindwile na ciki har ƙugu, ya kore su duka, yana ta kai wa jar ƙasa sara.

"Fito!" Gwakisa ya daka masa tsawa. "Ka haukace ne? Fito na ce!"

"Saura kaɗan, Mahauci. Ko so kake yaran nan su binne Saje? Matsa can, kada ka ɓata takalminka."

Ya ƙara ɗaga diga ya sauke, sai ya tsaya cak, ya dafe fuska. Wani ruwa ya gangaro ta tsakanin yatsunsa, kuma ba hawaye ba ne.

A asibiti Gwakisa ya kwantar da shi, ya buɗe fatar idon, ya haska 'yar fitilarsa. Ɗinki ya fashe, baƙin idon ya ɓullo ta bakin raunin, ga ƙasa ta shiga ciki. Ya ga irin wannan tun yana saurayi, ya san ba a dawowa daga nan.

"Yaya dai?" in ji Ambindwile. "Kunna fitilar mana ka duba, me kake jira?"

Fitilar na kunne, haskenta na tsakiyar idonsa.

"Batirin ne ya yi sanyi," in ji Gwakisa, ya kashe ta.

Ambindwile ya lalubo hannun rigar abokinsa ya riƙe.

"Tun muna soja ba ka iya ƙarya ba," in ji shi.