Bizen, Ba Sakkwato Ba

"Ba zan faɗa ba, Baffa."

Baffa Sambo, yayan mahaifina, ya ajiye takobin a kan gado yana kallona. Saura kwana uku bikin ƙanena Mujahid, kuma a gidanmu ango ba ya zaman jirtik, ranar da ake ɗaura masa jan zare, sai da wannan takobi a hannu. Tun ina ƙarama ake ce mana kakanmu Abdussalami ne ya rato shi daga Sakkwato, a ƙafa, har bakin kogin nan.

Kwana biyu kafin nan mariƙin takobin ya tsage. Da maƙerin garin Rusairis ya zare katakon, sai ga rubutu a jikin ƙarfen. Dattawa suka jujjuya shi, suka ce hatimin malaman Sakkwato ne. Baffa yana so in tabbatar da haka gaban dangin amarya, tunda ni ce 'yar jami'a.

Shekara biyu na yi ina koyon Japananci a Khartum kafin yaƙi ya koro mu gida. Na kai takobin bakin ƙofa, na karanta daga sama zuwa ƙasa. Alamomi biyun farko, Bizen. Ta uku, mai kama da akwati, tana nufin ƙasa. Maƙeran can sukan fara sa lardinsu kafin sunansu. Sunan wannan maƙerin tsatsa ta cinye.

"Tsohon lardi ne a Japan, Baffa. Can aka ƙera shi."

"Japan ta masu mota? Kakanki direba ne, ya bitti, 'yata?"

"Wataƙila a hanyar hajji ya saya. Ban ce ya yi ƙarya ba."

"Halas, magana ta ƙare. Ki ce hatimi ne, ko kada in ga ƙafarki a bikin."

Kwana ukun nan na kasa zama. In tafi gona, in dawo, in gangara kogi, in zana alamomin a yashi ko na yi kuskure. Ban yi ba. Can Mujahid ya same ni.

"Kalma ɗaya ce fa, Yaya Asma'u."

"Ba don in ƙaryata idona na yi karatu ba."

Aka sa sabon mariƙi, rubutun ya koma ciki. Daga gidan ƙawata Ramla na ji gangar bikin. Ban ga ƙanena da takobin a hannu ba, kuma ba za a sake wannan rana ba. Wata bakwai ke nan kullum safe ina durƙusawa in gaida Baffa. Bai amsa ba tukuna.