Lallen Ya Fanna

Ranar Alhamis kaɗai likitan yake zuwa Azare da bututun leƙa ciki. Aikin Zinatu, nas ɗin asibitin, shi ne ta yi wa mara lafiya allurar barci, ta maƙala masa na'urar auna iskar jini a yatsa, ta zuba ido.

Ya Fanna ta zo daga Katagum da ciwon ciki, ba ta karya kumallo ba, don haka aka ce mata ta yi. Da ta miƙo hannu sai Zinatu ta ƙura wa yatsunta ido. Lalle ne baƙi wuluk, har kan farce.

"Sunan jikata aka yi shekaranjiya," in ji tsohuwar. "Ko shi ma likitanku ya hana?"

Allura ta kama ta, aka rage haske, bututu ya shiga. Can sai na'urar ta fara ƙara.

"Lallen ne yake ruɗa ta," in ji likita, idonsa a kan madubin bututun. "Kashe ƙarar."

Haka wani likita ya ce bara, a kan gadon nan, ranar da aka kawo wata Larai daga Dambam da ƙunshinta. Zinatu ce ta danna maɓallin da yatsanta. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya ji daɗin shirun. Larai ba ta farka ba. Har yau ko tana tuƙa tuwo, Zinatu takan ji shirun nan a kunnenta.

Ba ta taɓa musa wa likita ba. Ta sunkuya, ta ja leɓen Ya Fanna na ƙasa, ta haska da tocila. Ya koma launin toka. Ƙirjin ma da ƙyar yake motsi.

"Likita, a cire."

"Minti biyu ya rage, Sista."

"A cire, ranka ya daɗe. Ba ta numfashi."

Ya dube ta, ya dubi leɓen, ya zare bututun. Ta ɗaga haɓar tsohuwar, ta kifa mata abin shaƙar iska, ta ɗora tafinta a ƙirjinta tana jira.

Ƙirjin ya taso. Ya sauka. Ya daɗe kafin ya sake tasowa.

Sai wajen azahar Ya Fanna ta buɗe ido.

"An gama?"

"Ba a gama ba, Iya. Sai wata Alhamis."

"To ɗauke min hannun nan, 'yar nan. Sanyi ƙalau kamar na mai wankan gawa."

Zinatu ta ce to, amma ba ta ɗauke ba.