Akwatin da Ke Turakar Marigayi

Lamba ɗaya tak Sharfaddeen ya kuskure, kuma har ya danna maɓallin ajiyewa bai san ya yi kuskuren ba.

Aikin ba wani abu ba ne a wurinsa, shi da ke kula da kwamfutoci da wayoyin asibitin. Masu ba asibitin marigayi Alhaji Badaru intanet ne suka sauya layi, don haka dole a sauya wa akwatin wayoyin ofis adireshi, wato jerin lambobin da kowace waya ke bi ta same shi. Akwatin nan shi ne uwar wayoyin duka: ta teburin Likita Nu'uman a nan Daura, ta ɗakin magani, da ta ƙaramin reshen asibitin da ke can garin Babban Mutum. Sharfaddeen ya sha yin irin wannan yana cin gyaɗa da ɗaya hannun. Ranar ma gyaɗar yake ci, da hantsi, har da ɗan karkaɗa ƙafa irin na gwanaye.

Shafin kwamfutar ya yi fari fat. Ya buga sabon adireshin, shiru. Ya koma tsohon, shiru. Ya ɗaga wayar teburin, ko numfashi ba ta yi. Akwatin ya tafi wani adireshi da shi wanda ya aika shi ma bai sani ba.

Yana cikin wannan zufa saƙo ya shigo wayarsa ta hannu, daga Haulatu, ungozomar reshen Babban Mutum.

"An kawo Raihana, naƙuda ce, jini ya ƙi tsayawa. Wayar ofis ta mutu. Ka haɗa ni da Likita yanzu."

Raihana matarsa ce. Cikin fari ne, shi ya sa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a can garin. Ya kira lambar Haulatu, ba ta shiga ba. Ya sake kira, ya kuma sakewa. Dama sabis a unguwar da reshen yake sai an hau tudu, wani lokacin ma na Nijar yake kamawa, ga shi ruwan jiya ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Allah kaɗai ya san inda ta tsaya saƙon nan ya fita.

Ya faɗa ofishin Likita ko sallama babu, ya miƙa masa wayar. Likita Nu'uman ya karanta, ya leƙa taga ya ce a tada motar asibiti, sannan ya juyo.

"Mota za ta tafi, amma hanya ta yi nisa ga mai zubar jini. Haulatu tana da hannu, za ta iya in ina gaya mata abin yi. Ka dawo min da layin nan, Sharfaddeen. Shi kaɗai nake nema a wurinka."

Gyaran ba wuya. A goshin akwatin akwai ɗan gilashi mai nuna adireshin da yake kai. Kallo ɗaya zai yi masa ya ga abin da ya rubuta, ya shiga ya gyara. Matsalar ita ce inda akwatin yake. Marigayi mutum ne da bai yarda da kowa ba kan kayansa, don haka ya sa aka kafa shi a turakarsa, cikin gidansa da ke manne da asibitin, kusa da baturan sola. Tun ranar da aka kai shi makwancinsa magada suka garƙame turakar da kwaɗo, suka yi alkawari a gaban malamai cewa ba mai taka ta sai ranar rabon gado. Makullin yana aljihun ƙanen marigayi, Baba Ɗantsoho, shi kuma ya tafi Mashi cinikin awaki.

Shi kam wayarsa ta shiga, har ana jin kukan awakin.

"Baba, don girman Allah ka ba ni izini in ɓalle kwaɗon turaka. Matata ce take mutuwa."

"Subhanallahi! Allah ya sauke ta lafiya. Amma ɗan nan, ka san 'ya'yan Badaru kuwa? Allura ta ɓace a ɗakin nan, gaban alƙali za su tsayar da ni. Amana ce aka ɗora min. Ka jira, ina tafe bayan la'asar."

"Baba, ba za ta kai la'asar ba!"

"To ni ba da bakina ba," in ji tsohon. Ya kashe.

Kada a ga laifin Ɗantsoho da yawa, ya san irin gidan da yake riƙe wa makulli. Amma a lokacin nan da yana kusa, Sharfaddeen da ya shaƙe shi.

Ya rungumi kwamfutarsa ya zagaya ƙofar gidan a guje. Gida ne da namiji baligi ba ya wuce zaure, balle yanzu da matar marigayi, Hajiya Hajo, take takaba. Ya yi sallama, bai jira amsa ba ya kutsa. Matan da ke tsakar gida suka watse suna salati. Ya isa ƙofar turaka ya kama kwaɗon ya jijjiga, ya leƙa ta tsagar ƙofa. Ga akwatin can a jikin bango, 'yar fitilarsa na ƙyaftawa, gilashin ya juya masa baya. Ya durƙusa a wurin yana kuka wiwi, ƙato da shi.

"Wane ne wannan a ƙofar Alhaji?"

Daga bayan labule muryar ta fito, a hankali. Ya gaya mata komai, har da gyaɗar, kamar wanda ake tuhuma.

"Ni na kashe wayar da hannuna, Hajiya. In ta mutu ni na kashe ta."

Labulen ya motsa. Hajiya Hajo, wadda tun rasuwar ba wanda ya ji ta ɗaga murya, ta fito cikin lulluɓinta, ta wuce shi ta nufi gindin turmi. Taɓarya ta ɗauko.

"Kauce, ɗan nan. Kai in ka taɓa, ɓarawo za su kira ka. Ni magajiya ce." Ta juya wurin matan da ke leƙe. "Ku zama shaida, ni na fasa. A lissafa kwaɗon cikin tumunina na gado."

Ta ɗaga ta sauke, ta sake, har ƙarfen ya fice daga jikin katako.

Ɗakin na nan da ƙamshin turaren mai shi, hularsa a kan matashi. Sharfaddeen bai kula da ko ɗaya ba. Ya manna fuska a gilashin. Ga ta nan, bakwai ce zaune a inda ya kamata ɗaya ta zauna. Ya zube a ƙasa ya gyara, yana karanta kowace lamba a fili kamar ɗan firamare.

Wayar da ke gefen gadon marigayi, wadda duk kiran reshe ke fara faɗawa kanta, ta yi ƙara. Ya fizgo ta.

"Likita! Ku ba ni Likita!" Muryar Haulatu ce, ta dushe saboda kira.

Ya danna lambar Likita ya tura ta, layin ya bar shi riƙe da waya mai shiru.

Daga nan sai jira. Aka kira azahar, ya yi salla a bakin ƙofar, bai san me ya karanta ba. Hajiya ta zauna daga nesa tana jan carbi. Ba wanda ya ce masa ya fita.

Da wayar ta sake ƙara, ya miƙa hannu ya kasa ɗauka. Hajiya ce ta taso ta ɗauka. Haulatu ce. Hajiya ta daɗe tana saurare. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Can kuma, ƙasa-ƙasa, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta mayar da kan wayar a hankali.

"Jinin ya tsaya, Raihana ta farfaɗo. Namiji ne, amma bai zo da rai ba. Sai haƙuri."

Sharfaddeen ya ɗaga kai ya kalli gilashin, inda lamba ɗayar take zaune daram yanzu.

"Hajiya, da a ce wayar ba ta mutu ba..."

"Kul," ta katse shi. "Wannan tambayar ba mai amsa maka ita a duniya. Tashi ka nemi mota, matarka tana tambayarka."