Auduga da Rigar Sulke

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ku gyara zama, don wannan da nauyinta ta zo.

Da hantsi motar shela ta ratsa layin, lasifika na cewa faɗan da ake jiyo amonsa daga nesa ya kusa shigowa unguwa. Kowa ya fito babban titi, motoci na jira, kuma ba za su tsaya wa wanda ya makara ba.

A saman wani tsohon bene, Maigadi ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Sunan daga wurin aiki ya biyo shi. Ya yi gadin wata ma'aikata har gemunsa ya yi fari, da zai ajiye aiki suka bar masa rigar sulkensa, mai farantin ƙarfe gaba da baya, wadda harsashi ba ya hudawa. Ko tsakuwa ba a taɓa jifansa da ita ba yana sanye da rigar nan, amma bai fasa goge ta yana shanyawa a taga ba.

Matarsa na zaune a bakin gado tana kallonsa yana ciro rigar daga akwatin. Tun da ciwo ya kwashe mata ƙafafu, shi ne ƙafafunta. Kowace safiya yakan goya ta da zanenta, ya ɗaure a ƙirji yadda ta koya masa, ya sauko da ita ƙofar gida ta sha hantsi. Maƙwabta sun yi dariya har sun gaji sun daina. Shi kuwa ya raɗa mata suna Auduga, wai don ba ta da nauyi.

"Malam, ina za ka da wannan ɓawon kunkurun?"

"Sa miki zan yi."

"Ikon Allah! Shekara da shekaru ina roƙon ka sabuwar riga, sai yau ka tashi, kuma da ta ƙarfe?"

Bai yi dariya ba. "In na goya ki, bayanki ne a waje. Duk abin da ya taso ta baya, ke zai fara samu."

Sai ga Auta, 'yarsu, ta faɗo ɗakin tana haki, goyo a baya, jakar magungunan uwarta a hannu.

"Baba, don girman Allah! Mutanen ƙasa duk sun fice. Ka bar rigar nan."

"Rigakafi ya fi magani," in ji shi. "Don rana irin ta yau na ajiye ta."

Ya zura wa matar rigar ta ka, ya ja maɗauran. Ta nutse a ciki kamar ɗan tsako a akurki. Ya durƙusa, Auta ta taya shi ɗora ta, ya ɗaure zanen, ya yi bismillah, ya yunƙura. Ya kai rabi, ya koma daɓas a bakin gado. Ya sake yunƙurawa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya sake komawa.

Ba nauyin kaɗai ya tsorata shi ba. Kullum da bayansa yake sanin halin da take ciki: numfashinta, bugun zuciyarta, lokacin da ta fara zamewa har ya ɗan girgiza ta sama. Yau ba abin da yake ji sai sanyin ƙarfe.

Daga titi aka danna ham mai tsawo.

Auduga ta kawo bakinta kusa da kunnensa. "Malam, cire mini. Ba na jin ɗumin bayanka."

"Auduga ba ta tare harsashi."

"To, ka yi sauri da ita kada ya cim mata. Da rigar nan a matakala za a tarar da mu. Kuma ka san 'yarka, kafiyarka ta gado, ba za ta tafi ta bar mu ba."

Ya ɗaga kai ya dubi Auta. Ta tsaya ƙyam a bakin ƙofa, ƙafar jaririn ta leƙo ta gefen zane, ɗan yatsan na motsi. Ko ita ya ce zai sa wa, babu inda rigar za ta zauna sai a kan yaron.

Ya kwance maɗauran. Ya ɗora rigar a kujerar da ke gefen taga, har da gyara mata kafaɗa, kamar baƙon da aka ce ya jira. Ya sake goya matarsa. Wannan karon sau ɗaya ya miƙe.

Layin ya yi tsit. Ga takalmi wari ɗaya a tsakiyar hanya, ga shago a buɗe ba mai shi. Can wani abu ya yi kau. Maigadi ya manna da jikin katanga, ya juya mata bayansa, ƙirjinsa na fuskantar titi, ya kama tafiya gefe-gefe. Haka ya saba tsayawa a bakin aiki, bango a baya, ido a gaba.

"Malam, tafiyar ƙaguwa ka koma?"

"Yi shiru, gadi nake yi."

"Katangar nan fa tana goge mini zane."

"Zan sayo miki wani."

"Na yadi, ba na ƙarfe ba."

Motar ƙarshe har ta fara gangarawa, direban ya hango su ta madubi ya taka birki.

"Ku ba masu goyo wuri!" Ya dubi Maigadi yana murmushi. "Baba, wannan jaririyar taka ai ta isa yaye."

"Ta fi mai goyonta wayo ma," in ji Maigadi. Sai da ya zaunar da ita, ya shafa bayanta tun daga wuya har ƙugu, sannan ya yarda ya zauna.

Sun isa lafiya, suka zauna wurin dangi har ƙura ta lafa. A can ɗan Auta ya fara tafiya. Da suka dawo, sun tarar da gilashin tagar a fashe, rigar sulke ta zamo ƙasa, magen maƙwabta ta haihu a cikinta. Maigadi bai kore ta ba. Auduga ta sami sabon zane, kuma har yau da shi ake sauko da ita shan hantsi.