Agogon da Bai Dace da Fenti Ba

Kwana biyar da tarewarsu a sabon gida, Auta ta rataye labulen ƙarshe. Ita ta ɗinka su duka a kekenta, masu ruwan zuma a falo, masu ruwan ganye a ɗakuna. Ta ja da baya tana kallo, daɗi ya kama ta har ta ɗan taka rawa ita kaɗai.

"Auta," mahaifinta ya kira daga ɗakinsa. "Zo ki kai ni banɗaki."

Shekara shida ke nan da Baba ya rasa ganinsa, amma a tsohon gidansu bai taɓa neman ɗan jagora ba. A nan kuwa, inda aka zaunar da shi a bakin gado nan yake wuni. Da ta dawo da shi, sai ya riƙe hannunta.

"Ki ce wa yayanki ya zo ya ɗauke ni ranar Asabar. Can gidansa zan zauna."

"Haba Baba! Me muka yi maka? Kowa ya shigo sai ya yaba gidan nan."

"Masu ido ne suke yabawa. Ni gidanki bebe ne. Ko ƙofa ɗaya ba ta ƙara."

Maganar ta tsaya mata a rai. Da mijinta direba ya dawo cin abincin rana, ya tarar ta ɗaure idonta da ɗankwali tana lalube a falo, hannuwa gaba.

"Ikon Allah! Wasan ɓuya muke yi da wa?"

Kafin ta amsa ta yi karo da sabon tebur. Ta zauna a ƙasa tana murza ƙauri, shi kuwa yana ta dariya. Ko'ina sumul, ko'ina shiru. A tsohon gida ƙofar kicin tana ƙara, famfon tsakar gida yana ɗiga, agogon bango yana bugawa ba fashi. Ashe da waɗannan sautuka Baba yake gane hanya.

Ta cire ɗankwalin. "Yallaɓai, ina ka kai agogon Baba?"

Ya sosa ƙeya. "Ba ke kika ce bai dace da fenti ba? Yana cikin kwali."

Baba ya yi shekara arba'in yana gyaran agogo, wannan kaɗai ya rage daga shagonsa: baƙi, mai lilo, gilashinsa a tsage. Suka kafa shi a tsakiyar bangon falo, inda Auta ta so sa hoton furanni. Sannan ta zazzage buhun ƙyallayenta. Kwana biyu keke yana aiki. Ta ɗinka dogon tsiri, direba ya bi bango da ƙusa yana kafawa daidai tsayin hannu: karammiski zuwa ɗakin Baba, yadi mai kaushi zuwa banɗaki, jerin maɓallai zuwa kicin. A labulen ƙofar waje ta rataye tsofaffin makullai don su riƙa kaɗawa, ta ajiye tukunyar na'a-na'a a gefensa.

"Gidan ya koma kamar rigar mahaukaci," in ji direba, ƙusa a bakinsa.

"Buga dai, ba a tambaye ka ba."

Ta kai hannun Baba kan tsirin ta yi masa bayani. Ya shafa, ya ce, "Uhm." Jakar da ya haɗa don tafiya kuwa tana nan a ɗaure.

Ranar Asabar da hantsi yayanta ya iso. Auta ta murɗa agogon da makulli ta ba shi wani, ta kaɗa lilonsa, don sai a ranar direba ya gano makullinsa a ƙasan kwali. Sannan ta zauna. Suna cikin gaisawa suka ji muryar Baba.

"Wane ne ya rataye agogon nan?"

Direba ya nuna Auta, Auta ta nuna direba.

"A karkace yake! Ba ku ji yana ɗingishi ba? Bugu ɗaya dogo, ɗaya gajere. Haka za ku kashe min shi?"

Auta ta yunƙura za ta tashi, yayanta ya dafa kafaɗarta. Ga Baba ya fito, yatsunsa a kan karammiski. Inda tsirin ya ƙare ya tsaya, ya karkata kunne, ya sake bango. Ya ratsa falon shi kaɗai, taku bakwai, har ya dafa agogon. Ya ɗan tura gindinsa hagu, ya saurara, ya ƙara turawa kaɗan. Bugun ya daidaita.

"Yauwa," ya ce. "Surukina, hannunka sitiyari kawai ya sani."

Yaya ya yi gyaran murya. "Baba, in sa jakar a mota?"

"Ka sa ta a mota, wa zai riƙa ba agogon wani? Waɗannan? Kwana uku za su lalata shi." Ya juya wajen ƙamshin na'a-na'a. "Auta, kawo min kujerata nan bakin ƙofa. Kuma wannan tebur da ya ci ƙaurinki, a matsar da shi kafin ya ci nawa."

Auta ta ruga ɗauko kujera, tana dariya tana share ido da gefen ɗankwali.