Awa Tara Saboda Tagwa

"Mama, idan ke kina roƙon Allah kada Tagwa ta tafi, Khalti Wijdan kuma tana roƙon su tafi, wa zai saurara a cikinku?"

Da a ce da Hausa Godiya ta yi tambayar, da harara ɗaya ta kashe maganar. To amma yarinya ce 'yar shekara shida da ta tashi a unguwar Ard al-Liwa ta Giza, Larabci ya fi zama a bakinta. Da shi kuwa ta yi maganar, tiryan-tiryan, Wijdan ɗin da take kira Khalti, wato goggo, na durƙushe a gefen uwarta Filomina da carbi a hannu.

Filomina ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ita 'yar Katolika ce daga wani ƙauye a wajen Malumfashi. Karatun likitan dabbobi ya kawo mijinta Istifanus birnin Giza, ita kuma ta biyo shi da goyo. A cocin Abbasiya, inda 'yan Sudan ke cika kujeru, ta haɗu da Wijdan, 'yar Duwatsun Nuba, mai ciki wata bakwai, mijinta ya rasu a hanyar gudu. Da aka haifi Tagwa, Filomina aka zaɓa ta zama uwar baftisma. Da Wijdan ta samu aikatau a wani gida can ƙarshen gari, inda sai Juma'a ake sallamarta, ba a ma yi shawara ba. Filomina ta ɗauki jaririyar ta kai ɗakinta. Shekara huɗu ke nan. Ita ta yaye ta, ita ta gano tana da fuka, ita ta san irin tarin da ake jira ya wuce da irin wanda ake ruga asibiti.

Yanzu an kira Wijdan ganawa ranar Talata, a ofishin da ke tura 'yan gudun hijira wata ƙasa. Shi ne suka ɗauki nobena, addu'ar kwana tara a jere, ta waya, lokacin da uwar ɗakin Wijdan ke barcin rana, sai yau Juma'a da ta zo suka durƙusa tare. Sai dai kullum in an kashe waya, Filomina takan ƙara nata a hankali: "Uwa Maryamu, kin dai san ƙirjin yarinyar nan. Ƙasar ƙanƙara ba tata ba ce. A bar mini ita." Ta ɗauka Godiya zane take yi a ƙarƙashin tebur.

"Umm Godiya," in ji Wijdan, ba ta ɗaga murya ba. "Gaskiya ne?"

Filomina ba ta iya ƙarya ba, balle a gaban kyandir mai ci. "Ya ukhti, 'yar'uwata, bari in yi miki bayani. Sanyin can..."

"Kwana shida ina ɗebo ruwa, ke kina bayana kina huda tulun."

"Ba mugunta ba ce, Allah ya sani."

"Na sani. Da mugunta ce da ta fi mini sauƙi." Ta miƙe ta hure kyandir. "Khalas, shi ke nan. Nobenar ta lalace. Kwana uku ba ya zama tara."

Ta tattara kayan Tagwa a leda biyu, ta saɓa Tagwa a kafaɗa. Yarinyar tana ɗaga hannu daga matakala tana cewa, "Inna, sai anjima," don ta ɗauka siyayya za su.

Washegari Hauwa, maƙwabciyarta 'yar Zariya, matar wani ɗalibin ilimin addini, ta same ta a saman bene tana shanya kayan da babu na Tagwa a ciki. Ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta fashe da dariya.

"Maman Godiya, ashe ke ma 'yar duniya ce! Ƙara biyu a kotu ɗaya, kuma duk da sa hannunki?"

"Ki yi dariya. Kin san inda ta kai ta? Ɗaki ɗaya, mutum bakwai, bango na tsattsafar ruwa. Can kuma da za su, wa ya san ba ta cin ƙwai? Wa zai kula in numfashinta ya fara fito?"

"Uwarta."

"Uwarta sau ɗaya a mako take ganinta!"

"To ba shi ya sa take son tafiya ba? Ta gan ta kullum." Hauwa ta karɓi zanen da ke hannunta ta matse. "Duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma amana aka ba ki, baiwar Allah, ba kyauta aka yi miki ba."

Filomina ta ce ita ba wa'azi ta zo ji ba, ta sauka. Amma maganar ta bi ta har kicin.

Ranar Litinin tana neman katin rigakafin Godiya a cikin gwangwanin takardu, sai ga na Tagwa duka a ƙasa: katin asibiti, takardun likitan fuka, da katin baftisma. A ɗaki aka haifi Tagwa, takardar haihuwarta ta zo a makare, katin cocin ne mafi tsufa da ke ɗauke da sunanta da na uwarta a layi ɗaya. A ofishin an ce wa Wijdan ta je da shi ranar ganawa. Fushi ya mantar da ita.

Filomina ta zauna a bakin gado da katin a cinya. In tana so tafiyar ta ɓaci, babu abin da ake bukata ta yi. Sai dai ta mayar da murfin gwangwani kawai, ta ɗora tukunya. Ba wanda zai ce ta ɓoye. Ta daɗe a haka, har shinkafarta ta kama.

Abin da ya tashe ta tunanin mahaifiyarta ne. A Zumuntar Mata ta ƙauyensu, idan bukata ta matsa, kwana tara ba za su samu ba, tsofaffi kan ce a mayar da kwanaki awoyi: kan kowace awa a durƙusa, sau tara, ba tsallake.

Talata da sassafe ta miƙa Godiya ga Hauwa, ta shiga mikrobas, ƙaramar motar haya. Ta iske layi ya riga ya zagaye katangar ofishin. Wijdan na tsakiya, idanunta sun faɗa, tana zazzage jaka a karo na ba adadi. Filomina ta miƙa mata takardun cikin leda, da bakhakha, abin fesa maganin fuka, ta ajiya. Wijdan ta karɓa ba ta kalle ta ba. Tagwa kuwa ta maƙale mata a ƙafa, sai da aka ɓamɓare ta.

Tsallaken titi akwai wata 'yar Sudan mai shayi. Filomina ta roƙi kwali a wurinta, ta shimfiɗa a gindin bango, ta saita ƙararrawar waya. Ƙarfe bakwai ta durƙusa.

Ta farko da haƙora a cije ta yi ta. Ta biyu ta ce, "A buɗe musu hanya," sai ta ji bakinta ya ƙara, "amma in da hali, ƙasa mai ɗumi." Ta uku ta tsinci kanta tana lissafa wa Allah sharuɗɗa kamar mai barin sallahu: gida marar danshi, likita a kusa, maƙwabciya mai hankali. Mai shayi ta leƙo ta ce, "Ya bitti, 'yata, wa ya mutu?" Ta ce babu kowa. "To sha shayi, gwiwa ba ƙarfe ba ce."

Sha ɗaya saura aka shigar da su Wijdan. Rana ta take, inuwar bangon ta tsere. A ta ƙarfe sha biyu ne Filomina ta gaji da kanta. Ta tuna Uwa Maryamu, wadda take roƙo ta wurinta, ita ma a ƙasar nan ta yi gudun hijira da jariri, ta goya, ta yaye, ta san abin da yake ci da wanda ba ya ci, kuma ba a bar mata shi ba. Ta buɗe baki za ta ƙara wani sharaɗi, sai ta ga ba ta da sauran ko ɗaya. Ta ce, "Taka ce. Ka fi ni sanin ƙirjinta, kai ka yi shi." Ta yi kuka kaɗan, ta share da gefen ɗankwali, ta sha shayin da ya huce.

Biyu da rabi suka fito. Wijdan ta tsallako titi ta tsaya a kanta.

"Me kike yi a nan har yanzu?"

"Nobenar da na ɓata nake sakewa. Awa-awa. Saura ɗaya, ƙarfe uku."

Wijdan ta dubi kwalin, ta dubi gwiwoyin Filomina da suka yi fari da ƙura. "Sun karɓi katin," in ji ta. "Sun ce za su kira." Sannan ta ture ta kaɗan da ƙugu. "Matsa. Amma wannan da ƙarfi za ki yi, in ji da kunnena. Ban yarda da raɗarki ba."

Da ƙararrawa ta buga, Filomina ta ɗaga murya da Larabcinta mai karyewa, a bakin titi, motoci na wucewa, ta roƙi Allah ya kai Wijdan da 'yarta inda za su kwana ɗaki ɗaya kowace rana, ko ina ne. Tagwa ta yi alamar gicciye daidai, goshi, ƙirji, hagu, dama, ba wanda ya tuna mata. Mai shayi ta ce amin daga bayan butocinta.

Wata bakwai aka yi kafin kiran ya zo. A cikinsu Tagwa ta koma ɗakin Filomina, ita kuwa kowace Juma'a takan zaunar da Wijdan ta koya mata jin numfashi da kunne a bayan yarinya, har ta iya. Ranar tafiya ta ɗinka wa Tagwa rigar sanyi mai shafi biyu, ta raka su har inda ake tsayar da masu rakiya, ta tsaya ƙyam, kanta a sama. Har yau in aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, biyu take cewa, ba ta ƙara bayani.

Ke kuma mai karatu, ranar da wata ta ce ki riƙe mata ɗa a gaban Fada ranar baftisma, kada ki amsa don anko da hoto. Za ki so yaron har cikin ƙashi, kuma wata rana za a bukaci ki roƙa masa abin da zai raba ku, da bakinki, da ƙarfi. In kin san ba za ki iya ba, tun yanzu ki ce a nemi wata.